Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Harsashin .276 Enfield da Ruɗin Nisa

Idan aka ɗauko maganar bindiga a majalisa, a Birnin Kudu ne ko a Gwaram ko a Facebook, tambayar da za ka fara ji ita ce: "Nisan ina take kaiwa?" Wannan ya ce ta su wane tana cin kilomita guda, wancan ya ce ai ta su wane ta fi. Daga nan sai a yanke hukunci, wai wanda bindigarsa ta fi nisa shi ke da nasara. To, ka sani ba 'yan majalisa kaɗai suka taɓa yin wannan lissafi ba. Manyan hafsoshin Birtaniya sun yi shi, suka ɓata shekaru suna ƙera harsashin da zai fi na kowa nisa, daga ƙarshe suka jingine shi ba a taɓa kai shi fagen daga ba.

Sunansa .276 Enfield. Masu sha'awar tarihin makamai suna yawan yabonsa, suna cewa ya riga zamaninsa ne, kuma da Yaƙin Duniya na Ɗaya bai ɓarke a 1914 ba, da shi ya gaji .303, harsashin doguwar bindigar nan ta 'yan sanda da aka fi sani a nan da Mak 4. Wannan yabo yana buƙatar gyara. Yaƙi ya katse aikin, gaskiya ne. Amma tun kafin yaƙin harsashin yana da ciwo a jikinsa, kuma tambayar da aka ƙera shi don ya amsa ita kanta a karkace take. Shaidar haka tana nan a ƙasar Hausa, shekaru goma kafin a gwada shi.

Me ke cikin harsashi?

Abin da muke kira harsashi a dunƙule abubuwa huɗu ne: kwanso na tagulla, garin wuta a cikinsa, ɗan maɓallin da ke kunna garin a gindin kwanson, sai ƙwayar da ke fita ta tafi. Bindigar toka ta maharba ma da irin waɗannan take aiki, sai dai ita da hannu ake ɗura albarushi da dalma ta baki. Lambar da ke jikin sunan kuwa faɗin ramin bututun bindigar ce a ma'aunin inci. Wato .303 kusan milimita 7.7 ke nan, .276 kuwa milimita 7. Bambancin bai kai kaurin farcenka biyu ba, amma a kansa aka yi ta kai ruwa rana.

Zuriyar ta faro ne daga garin wuta. Albarushin gargajiya yana da hayaƙi, yana barin dauɗa, kuma ba ya tura ƙwaya da gudu sosai. A 1884 wani masanin Faransa, Paul Vieille, ya haɗa gari marar hayaƙi, Faransa ta sa shi a bindigar Lebel a 1886. Birtaniya ta fito da .303 a 1888 da albarushin gargajiya, sannan a 1889 Frederick Abel da James Dewar suka haɗa mata nata garin marar hayaƙi mai suna kodayit, wanda ake yi siriri-siriri kamar taliya.

Riƙe wannan a ranka, domin zai dawo: kodayit yana ci da zafi ƙwarai. A cikin bututun bindiga akwai tsage-tsage a murɗe da ke sa ƙwaya juyawa don ta miƙe. Tsagin bindigar Lee-Metford ba shi da zurfi, sai kodayit ya riƙa cinye shi cikin ɗan lokaci. Dole aka sake fasalin tsagin a masana'antar Enfield, aka samu Lee-Enfield a 1895. Daga baya ma aka rage sinadarin naitirogilisarin da ke cikin garin daga kashi 58 cikin 100 zuwa 30 don a rage zafin. Ka ga ke nan tun kafin a yi mafarkin .276, Ingila ta san garinta yana cin ƙarfe.

Darasin da aka ɗauko a karkace

Daga 1899 zuwa 1902 Birtaniya ta gwabza da Turawan Bowa, manoman Afirka ta Kudu. Su Bowa suna riƙe da bindigar Mauser ta Jamus mai harsashin milimita 7, wanda ake kira 7×57. A Magersfontein da Colenso a Disambar 1899, da Spion Kop a Janairun 1900, sojojin Birtaniya sun sha kashi. Ana harbinsu daga inda ba sa gani, a fili fetal. Da aka koma gida, bayani mafi sauƙin faɗa shi ne: harsashinsu ya fi namu nisa.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙwayar Mauser tana fita da gudun kusan mita 700 a daƙiƙa, ta .303 ta lokacin kuwa ɗan sama da mita 600. Amma duba sauran dalilan. Bowa mutane ne da suka tashi da farauta, sun san ƙasarsu, sun iya kintata nisa da ido. Suna haƙa rami su kwanta, garinsu ba ya hayaƙin da zai tona asirinsu. Suna zuba harsashi biyar lokaci guda da ɗan maƙalin ƙarfe, sojan Birtaniya kuwa yana sa nasa ɗai-ɗai. An kuma gano saitin wasu sababbin bindigogin Birtaniya a karkace yake tun daga masana'anta. Uwa-uba, ana tura sojoji su tunkari ramuka a fili da rana tsaka.

Birtaniya ta gyara yawancin waɗannan. Ta fito da gajeriyar Lee-Enfield mai cin harsashi goma da ake ɗurawa da maƙali. Ta tsananta horon harbi, har ya zama ana son soja ya yi harbi 15 masu saiti a minti guda. A 1910 ta sauya ƙwayar .303 zuwa mai tsini, irin wadda Faransa da Jamus suka riga ta amfani da ita, gudunta ya hau zuwa kusan mita 744 a daƙiƙa. Da wannan kaɗai ta wuce Mauser ɗin da Bowa suka riƙe. Amma ƙishin nisa bai kwanta ba.

Abin da ya ƙara rura shi wasan harbi ne. A wajen 1906 Sir Charles Ross, mai masana'antar bindiga a Kanada, ya fito da .280 Ross, harsashin milimita 7 mai gudun kusan mita 900 a daƙiƙa. Ya yi ta lashe gasar harbin nesa a filin Bisley da ke Ingila. A can kuwa mai harbi yana kwance hankalinsa kwance, an auna masa nisa, allon ba ya motsi, ba ya ramawa. Mafarauta ne suka fara ganin iyakarsa. A 1911 zaki ya yi ajalin George Grey, ƙanin sakataren harkokin wajen Birtaniya Sir Edward Grey, a Kenya. Da .280 Ross ya harbe shi, ya kuma same shi, amma ƙwayar mai tsananin gudu ba ta tsayar da zakin ba. Duk da haka, wannan harsashin na filin gasa ne hafsoshi suka ɗauka abin koyi.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu

Masana'antar harsasai ta gwamnati da ke Woolwich ta ƙera .276, masana'antar Enfield ta ƙera masa bindiga mai suna Pattern 1913. Nauyin ƙwayar giram 10.7, gudunta kusan mita 849 a daƙiƙa. Ta .303 ta 1910 kuwa giram 11.3 ce a gudun mita 744.

Ɗauki kalkuletarka. Ƙarfin motsin abu shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa kuma. Idan ka buga, .303 yana ba da jul 3,100 da 'yan kai, .276 kuwa kusan jul 3,850. Wato don a ƙara gudu da kashi 14 cikin 100, sai da aka ƙara ƙarfi da kusan kashi 23 cikin 100. Wannan ƙarin daga gari yake fitowa. Sai an faɗaɗa kwanso an ƙara gari, sannan a tura duk wutar ta ramin da ya fi na da ƙanƙanta.

Je maƙera ka kalli bakin zugazugi. Inda iska ke matsuwa ta fita, nan wuta ta fi ci. Haka maƙogwaron bututun bindiga yake. Iskar da garin ke haifarwa tana wuce digiri 2,000 na zafi, ƙarfe kuwa yana narkewa a wajen digiri 1,500. Abin da ke ceton bututun shi ne wutar ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Amma kowane harbi yana ɗan gutsurar ƙarfen. Ka ƙara gari, ka rage rami, ka kuma yi amfani da kodayit da aka riga aka san halinsa, to me kake jira?

A 1913 aka raba bindigogi kusan dubu ɗaya ga rundunoni a Ingila, Ailan, Masar da Afirka ta Kudu don gwaji. Rahotannin da suka dawo sun yi kama da juna. Bututu yana zafi da wuri, yana kuma lalacewa da wuri. Rigar ƙwayar, gaurayen jan ƙarfe da nikel, tana gogewa ta liƙe a cikin bututun. Ƙara ta yi yawa, shurin bindigar a kafaɗa ya yi yawa, harshen wutar da ke fita ta baki yana nuna inda mai harbi yake. Harsashin da ya jima a cikin bindiga mai zafi kuma matsinsa yana hawa zuwa matakin haɗari.

Tsaya ka auna wannan da abin da aka ce ana nema. Darasin Afirka ta Kudu shi ne ɓuya da saurin harbi. Sai ga harsashi mai walƙiya da ke tona mai shi, a bindiga mai cin biyar maimakon goma, wadda kuma ba ta jure harbi a jere. An horar da soja ya yi harbi 15 a minti, sannan ana shirin ba shi bindigar da wannan saurin ne ke kashe ta. Masu cewa yaƙi ne kawai ya hana shi suna tsallake wannan wajen. Lokacin da yaƙi ya zo a Agustan 1914, ba a gama magance waɗannan matsaloli ba.

Abin da ƙasar Hausa ta riga ta nuna

Yanzu dawo gida. Bindiga ba baƙuwa ba ce a nan. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin dakarun fada. Amma yawancin bindigogin da suka iso nan na toka ne, kuma a 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels ta hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani. Saboda haka lokacin da sojojin Lugga suka taso daga Zariya ƙarƙashin Kanar Morland a ƙarshen Janairun 1903, suna riƙe da .303 da bindiga mai ruwa ta Maxim, ratar makami tsakaninsu da mutanen Kano ta ninka wadda ke tsakanin Bowa da Ingila nesa ba kusa ba. Birnin Kudu da Gwaram a lokacin ƙasar Kano ne, abin da ya ci Kano ya ci su.

To, a wane nisa aka yi waɗannan yaƙe-yaƙe? Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, kuma igwa ce ta fasa ƙofa. Badala ba ta damu da gudun ƙwayar bindiga ba. A Kwatarkwashi, ƙarshen wannan watan, sojojin da ba su kai 50 ba ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright suka tsaya a murabba'i, kowa ya ba ɗan'uwansa baya, mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kawo hari har gab da su. A nan Waziri ya rasu. Abin da ya yi aiki shi ne ruwan harsashi a kusa da kuma tsayuwar layi. A Burmi, cikin Jihar Gombe ta yau, mutanen garin sun kori harin farko a watan Mayu. A hari na biyu, ranar 27 ga Yuli, 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, kwamandan Turawa Manjo Marsh kibiya mai dafi ce ta kashe shi. Kibiya fa, wadda nisanta bai kai kashi ɗaya cikin goma na nisan bindigar da sojojinsa ke riƙe da ita ba.

Satiru, kusa da Sakkwato, ta fi kowanne fito da abin fili. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, talakawa da gatura da fartanya da baka suka auka wa rundunar sojan doki kafin ta gama daidaita layinta. Turawa uku da sojoji 25 suka mutu, aka ƙwace Maxim. A watan Maris aka dawo da shiri, aka yi wa garin kisan gilla aka shafe shi. Bindiga ɗaya ce, harsashi ɗaya ne a ranakun biyu. Abin da ya bambanta su shi ne shiri, da yawan masu harbi, da wanda ya riga ganin wani.

Duk wannan yana cikin rahotannin da aka aika Landan. Sai dai ana ɗaukar yaƙe-yaƙen mulkin mallaka a matsayin ƙananan yaƙe-yaƙe da ba su da abin koyarwa ga yaƙin Turai. Da yaƙin Turan ya zo, sai ya zama na ramuka, inda tsakanin abokan gaba sau da yawa 'yan ɗaruruwan mitoci ne, wani wajen ma bai kai hamsin ba. Igwa ce ta kashe mafi yawan mutane. Lee-Enfield tana da wani saiti na musamman a gefe, na harbin taron dangi har nisan yadi 2,800, wato sama da kilomita biyu da rabi. A 1916 aka daina sa shi don a hanzarta ƙira, kuma ba a yi kewarsa ba.

Ido ne ke da iyaka

Ga gwajin da za ka iya yi ba tare da bindiga ba. Ɗauki ƙwayar gero ɗaya, ka miƙe hannunka, ka dube ta. Mutum mai tsawon mita 1.7 da ke tsaye a nisan kilomita ɗaya bai kai girman wannan ƙwayar a idonka ba. Wannan kuma idan yana tsaye a fili ke nan, bai durƙusa ba, bai sa kaya masu kalar ƙasa ba.

Ƙwayar bindiga irin .303 tana ɗaukar wajen daƙiƙa biyu kafin ta ci wannan nisa. A cikin daƙiƙa biyun, ƙarfin jan ƙasa ya sauke ta sama da mita goma, dole mai harbi ya ɗaga bakin bindiga daidai gwargwado, wanda ke nufin sai ya san nisan daidai. Iska tana tura ta gefe. Mutumin da ke tafiyarsa ta yau da kullum ya matsa kusan mita uku. Harsashin .276 yana rage lokacin tafiyar da faɗuwar, amma bai ƙara wa soja ido ba, bai kuma gaya masa nisan ba.

Hau Dutsen Habude ko Dutsen Mesa a Birnin Kudu, inda zanen shanun nan na mutanen da yake, ka duba ƙasa. Da rani za ka hangi nesa. Sauko ka shiga gona a watan Satumba, dawa ta fi ka tsawo, ba ka ganin taki ashirin. Da hunturu hazo yakan rufe gari har ka kasa ganin ƙarshen titi. Ga duwatsu, ga kwazazzabai, ga duhuwar itatuwa a bakin kogi ta wajen Gwaram. A ƙarni na 19 wannan yanki na kudancin Kano ya sha hare-haren Ningawa, kuma ƙarfinsu shi ne sanin duwatsu da zuwa ba zato. Tambayi kowane tsohon maharbi, zai gaya maka farauta sanɗa ce. Wanda ya iya matsawa kusa shi ke komawa gida da nama.

Sai a 1952 aka rubuta wannan da alƙaluma. Wani mai bincike na rundunar sojan Amurka, Norman Hitchman, ya duba bayanan Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya, ya nuna yawancin harbin da sojan ƙasa ke yi da bindigarsa bai wuce nisan yadi 300 ba, kuma samun abin da aka saita yana raguwa sosai tun kafin nan.

Inda masu yabon suka yi gaskiya

A ba kowa haƙƙinsa. Ƙwaya siririya doguwa ta milimita 7 tana yanka iska da kyau, shi ya sa har yau mafarauta da 'yan gasa ke son wannan awo. Kwanson .276 ba shi da leɓen nan da ya fito a gindin .303, wanda kan sa harsasai su sarƙe a gidan harsashi, kuma yawancin duniya ta koma kwanso marar leɓe. Garin wuta mai ci a hankali da aka samu daga baya ya rage matsalar zafi, an kuma sauya ƙarfen rigar ƙwaya. Da an ba masu ƙirar shekaru, mai yiwuwa su gyara da yawa.

Bindigar kanta ma ta yi kyau. Saitinta ɗan rami ne kusa da ido, wanda ya fi na Lee-Enfield ta lokacin. Da aka mayar da ita ta ci .303 aka sa mata suna Pattern 1914, kamfanonin Amurka suka ƙera sama da miliyan ɗaya, kuma gwanayen harbi daga ɓoye sun ji daɗinta. Amurka ta sake mayar da ita ta ci nata harsashin .30-06, ta kira ta M1917, ta ƙera sama da miliyan biyu. Yawancin sojojin Amurka da suka je Faransa ita suka riƙe. Lura da abin da wannan ke nunawa: bindigar ta yi suna ne bayan an raba ta da harsashin da aka ƙera ta dominsa. Kuma wanda ya ci moriyar nisanta shi ne gwani ɗaya cikin ɗaruruwa, mai madubin hange da horo na musamman. Kuskuren .276 shi ne an so a ɗora wa kowane soja nauyi da zafi da shurin makamin da gwani kaɗai zai amfana da shi.

Dangin da suka biyo baya

Harsashin bai bar ɗa na cikinsa ba, amma awon milimita 7 ya yi ta dawowa. A shekarun 1920 Amurka ta gwada .276 Pedersen, wanda ya fi na Enfield sauƙi, sai Janar Douglas MacArthur ya soke shi a 1932 saboda tulin .30-06 da ke ajiye a rumbuna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta fito da .280, wannan karon matsakaici, an ƙera shi don nisan da ake yaƙi a zahiri. Ta karɓi bindigarsa EM-2 a 1951. Amurka ta ce bai kai nisa ba, gwamnatin Churchill ta janye, ƙungiyar NATO ta ɗauki 7.62×51 a 1954. Shi ne harsashin bindigogin FN da G3 da sojojin Najeriya suka daɗe suna riƙewa. Wato Ingila ta koyi darasin daga ƙarshe, sai ƙawarta ta tilasta mata komawa kan tsohon ruɗin. Ba a yi shekara goma sha biyar ba Amurkan da kanta ta koma ƙaramin harsashi na milimita 5.56 a Biyetnam.

Jamus da Rasha kuwa tun a tsakiyar yaƙi suka gajarta kwanso. Harsashin Rasha na 1943, wato 7.62×39, shi ne na AK-47. Ka ji abin mamaki: bindigar da ake cewa a majalisa ta fi nisa, an ƙera ta ne da gangan a kan sadaukar da nisa. Tsohuwar Mak 4 ta fi ta nisa da ƙarfi. Abin da AK-47 ke da shi shi ne harsashi 30 a gida ɗaya, harbi a jere, da jure ƙura.

Labarin bai ƙare ba. Bayan Afganistan, inda aka yi ta harbin juna daga tsauni zuwa tsauni, da kuma tsoron sulken zamani, a Afrilun 2022 rundunar sojan Amurka ta zaɓi bindigar kamfanin SIG Sauer mai harsashin 6.8×51. Matsin da ke cikinsa ya fi na harsasan soja da aka saba da kusan kashi ɗaya cikin uku, har sai da aka yi gindin kwanson da baƙin ƙarfe. Bindigar ta fi wadda za ta gada nauyi, gidan harsashinta 20 yake ci maimakon 30. Bambancinta da 1913 shi ne an haɗa ta da madubi mai auna nisa da kansa, wato an gane cewa ido ne matsalar. Ko hakan zai biya kuɗin sabulu, fagen daga ne zai nuna.

Abin da ya shafe ka

Maganar nan ba ta gidan tarihi kaɗai ba ce. Duk lokacin da aka kai hari wani ƙauye, za ka ji ana cewa a ba 'yan sa-kai bindigogin da suka fi na ɓarayi nisa. Fushin da ke bayan wannan magana halal ne. Amma duba yadda hare-haren ke faruwa. Harin da aka kai ofishin 'yan sanda na Gwaram a Afrilun 2014 cikin dare aka kai shi. A duhu, bindiga mai cin kilomita biyu da mai cin mita ɗari biyu duk tsawon hasken tocila suke gani. Wanda ya samu labari da wuri, wanda wayarsa ke da sabis, wanda agaji zai iso masa a kan hanya mai kyau, shi ke da rinjaye, kamar dai yadda aka gani a Satiru.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Nisan da mai harbi zai iya saita abu gajere ne, amma nisan da ƙwaya ke tafiya dogo ne. Ƙwayar .303 ko 7.62×51 da ta kuskure tana iya tafiya kilomita uku ko fiye, kuma tana da sauran ƙarfin kisa idan ta sauka. Tsakanin waɗannan nisa biyu akwai gonaki, da rugage, da 'yan mata a bakin rijiya. Duk ƙarin nisan da aka yi wa harsashi, wannan filin ne ke faɗaɗa. 'Yan bindigar sarki a hawan salla albarushi zalla suke ɗurawa, ƙara da hayaƙi ne kawai. Mai harba bindigar zamani sama a wajen biki kuwa ƙwaya ya aika, kuma sai ta sauko a kan wani. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ambaci bindigogin soja masu awon .303 da 7.62 da sunansu cikin waɗanda aka haramta wa farar hula, har bindigar toka ma sai da lasisi.

Saboda haka idan an sake tambaya a majalisarku nisan ina take kaiwa, ka tambayi mai tambayar nisan ina shi yake gani, da dare, a cikin dawa. Sannan ka tambaye shi wa ke zaune a bayan abin da ya saita.